Labarin Gida A Tambayi Bayansa

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana gaskiya ce game da ɗan Adam, amma akwai wani irin gida a ƙasar Ingila wanda duk mai son sanin labarinsa sai ya bar fuskar ya zagaya ta baya. Gidajen da nake nufi su ne waɗanda aka gina a ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta hau gadon sarauta a 1837 ta rasu a 1901. Na zauna shekara uku a cikin ɗaya daga cikinsu lokacin da na je ƙaro ilmi a birnin Leeds, a unguwar Hyde Park da ke maƙwabtaka da jami'a. Ni ba magini ba ne, ban kuma gaji gini ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda kuwa ya hau matakalar gida safe da yamma har shekara uku ya isa ya faɗi wani abu a kanta. Abin da nake son in bayyana wa mai karatu shi ne yadda bulo da katako da filasta suke nuna wa kowa matsayinsa ba tare da wani ya buɗe baki ba.

Gidan ba shi kaɗai yake tsaye ba. Yana cikin jerin gidaje ne na jan bulo, manne da juna kafaɗa da kafaɗa tun daga farkon layi har ƙarshensa, bango ɗaya ya raba kowane gida da maƙwabcinsa, rufi ɗaya kuma ya lulluɓe su duka. Fuskar kowane gida siririya ce, ƙofa ɗaya da taga ɗaya a ƙasa, amma cikinsa yana da zurfi, yana kuma da tsawo. Hawa huɗu ne idan aka haɗa da na ƙarƙashin ƙasa: madafa a can ƙasa, falo da ɗakin cin abinci a hawan da ke daidai da titi, ɗakunan kwana a bene, sa'an nan ɗakuna biyu ƙanana a ƙarƙashin rufi. A saman rufin kuwa bututun hayaƙi ne a jere, kowane da bakunansa na yumɓu, adadin bakunan daidai da adadin murahun da ke cikin gidan. Wanda ya iya ƙirga su daga titi zai san ɗaki nawa ne ake hura wa wuta, ya kuma san cewa akwai ɗakunan da ba a lissafa da su ba.

Dalilin yawan irin waɗannan gidaje shi ne yawan jama'a. A 1801 mutanen Leeds ba su wuce 53,000 da 'yan kai ba, amma zuwa 1901 sun haura 400,000, domin masaƙun ulu da masana'antun ɗinkin tufafi da maƙerun ƙarfe sun yi ta jawo mutanen karkara. Tsakiyar gari ta cika da hayaƙi da cunkoso, saboda haka duk wanda ya sami ɗan abin hannu, kamar akawu ko malamin makaranta ko mai kanti, sai ya nemi ya matsa gefe inda iska ta fi kyau. A 1871 aka fara zirga-zirgar taragon da dawaki ke ja a kan dogo daga tsakiyar gari zuwa Headingley, wannan kuwa ya sa mutum yana iya kwana a bayan gari ya yi sammako zuwa wurin aiki. Ƙananan 'yan kwangila suka riƙa sayen filaye suna gina gida huɗu ko shida, su sayar, su ƙara sayen fili da kuɗin. Mafi yawan mazauna gidajen haya suke yi. Ashe ke nan tun ran gini, an tsara gidan ne domin ya burge mai wucewa da mai neman haya.

Kayan ginin ma suna da nasu tarihin. Gwamnatin Birtaniya ta daɗe tana karɓar haraji a kan gilashi da bulo, har da yawan tagogin gida, abin da ya sa waɗansu suka riƙa toshe tagoginsu don gudun biya. An soke harajin gilashi a 1845, na bulo a 1850, na taga kuma a 1851. Daga nan bulo ya yi araha, taga ta faɗaɗa, gilashi ya girma. Jirgin ƙasa kuma ya kawo abin da a da sai mai hali: fallayen baƙin dutse na rufi daga duwatsun arewacin Wales, irin dutsen da ake yi wa 'yan makaranta allon rubutu da shi a da, da tayil mai launi daga Stoke, da katako daga tashoshin jiragen ruwa. Saboda haka gidan akawu a 1890 ya sami kayan da kakansa bai taɓa gani ba sai a gidan masu sarauta.

Bari mu fara da fuskar. Bulon gaba santsi gare shi, launinsa ɗaya, an jera shi da siririn kwaɓi kamar an ja layi da zare. A kan ƙofa da taga akwai dogon dutse da aka sassaƙa, a ƙarƙashin rufi kuma an jera bulo mai haƙora-haƙora don ado. Tagar falo ba a shafe take da bango ba, ta turo ƙirji waje ta fuska uku, yadda haske zai shiga da yawa, uwargida kuma ta iya hango duk mai tahowa ta dama ko ta hagu ba tare da ta leƙo ba. Ƙofar tana da gilashi mai launi, ja da kore da ruwan ƙwai. Irin wannan ado ya samo asali ne daga rubuce-rubucen masana irin su John Ruskin, wanda ya yi ta yabon tsofaffin gine-ginen birnin Banis na Italiya, amma kafin ya iso layinmu ya riga ya zama kayan kanti: ɗan kwangila yakan buɗe littafin samfur na masana'anta ne ya zaɓi furen da yake so, a kawo masa dozin-dozin. A Leeds ɗin ma akwai masana'antar yumɓu a Burmantofts da ta yi suna wajen irin wannan aiki.

Idan aka buɗe ƙofa sai a shiga wani siririn lungu mai daɓen tayil, baƙi da fari da ja, an shirya su kamar saƙar tabarma. Wannan lungu shi ne matsayin zaure a wurinsu, domin a nan ake tantance baƙo: wani a sallame shi daga tsaye, wani a shigar da shi falo. Falon kuwa shi ne ɗakin da ya fi kowane tsada a gidan, shi ne kuma wanda aka fi ƙaurace wa. Silinsa ya fi ƙafa goma tsawo, an kewaye gefensa da ado na filasta mai ganyaye, a tsakiya kuma akwai babban fure inda fitilar gas take rataye a da. Murhun ɗumama ɗakin an yi masa goshi da marmara. A zamanin da gidan ke sabo, ba a shiga wannan ɗaki sai ran Lahadi, ko in an yi baƙo mai daraja, ko in an yi rasuwa an ajiye gawa kafin jana'iza. Iyali suna takure a ɗakin baya, sun bar ɗakin da ya fi girma da haske yana jiran idon mutane.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda adon yake raguwa da kaɗan-kaɗan, kamar ruwan rafi da rani. Da an wuce falo zuwa ɗakin cin abinci, sai ganyayen silin su ɓace, a bar layi biyu kawai. Goshin murhun nan ba marmara ba ne, baƙin dutse ne aka yi wa fenti ya yi kama da marmara. A ɗakin kwana na gaba murhun ƙarfe ne madaidaici, a na baya kuwa ɗan ƙarami ne wanda bai fi faɗin tire ba. Matakalar ma haka take. Daga lungun shiga zuwa bene tana da faɗi, an yi mata madogari na katako mai sheƙi da sanduna da aka feƙe da injin, domin duk wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana ganinta. Daga bene zuwa sama kuwa sai an buɗe wata ƙofa mai kama da ta kabad, a tarar da wata matakala a tsaye ƙyam, matsattsiya, babu madogari sai bango. An auna kuɗin da aka kashe wa kowane taku daidai da darajar idon da zai gan shi.

Wanda ya fita ta ƙofar baya zai yi tsammanin wani gida ne dabam. Bulon nan mai kaushi ne, launinsa barkatai, wani ya ƙone wani bai gasu sosai ba. Babu dutsen ado, babu gilashi mai launi, sai bututan ruwa da na ƙazanta suna bin bango. Akwai ɗan fili mai daɓen dutse inda ake shanya, da wani ɗan ɗaki a kusurwa wanda a da shi ne masai, sa'an nan ƙofa zuwa wani siririn layi da ya ratsa bayan gidajen duka. Ta wannan layi mai kwal yake zuwa da amalankensa, ta nan mai kwashe toka da shara yake bi, ta nan kuma 'yar aiki take shiga da fita. Ƙofar gaba ta maigida ce da baƙinsa. Gida ɗaya, hanyoyi biyu, an kuma shirya su yadda mai bin ɗaya ba zai yi kiciɓis da mai bin ɗayar ba.

Madafa tana ƙarƙashin ƙasa, rabin tagarta ne kawai ya leƙo sama, saboda haka abin da mai aiki a ciki take gani na duniya shi ne ƙafafun masu wucewa. A zamaninmu an sa murhun gas da firji, amma alamun da suna nan. Ga babban gurbin da baƙin murhun ƙarfe yake a da, wanda ake girki da gashi da dafa ruwa a kansa. Ga wani teburin dutse mai sanyi a ɗan ɗakin gefe, inda ake ajiye nama da madara kafin zuwan firji. Ga gurbin tukunyar da ake tafasa kayan wanki. Ga kuma rumbun kwal, mai rami a sama wanda ake zuba kwal ta ciki daga waje, har yanzu in an shafa bangonsa hannu yakan yi baƙi. A can saman bango, kusa da ƙofa, akwai guntayen wayoyi da 'yan ƙarafa da fenti ya rufe. Ragowar ƙararrawa ce. A falo da ɗakin kwana akwai mariƙi kusa da murhu, in an ja shi sai waya ta bi ta cikin bango ta kaɗa ƙararrawa a madafa.

Ɗakina yana can ƙarƙashin rufi, domin shi ne mafi arahar haya. Silinsa a karkace yake bisa karkatar rufin, wuri ɗaya ne kawai nake iya miƙewa tsaye sosai, a nan nake shimfiɗa dardumar salla. Tagarsa 'yar ƙarama ce a jikin rufi, ba a ganin komai ta cikinta sai gajimare da bututun hayaƙin maƙwabta. Babu adon filasta ko na sisin kwabo, ƙofar kuma falankai ne aka jera aka buga musu katako a gicciye. Babu murhu, babu ma gurbinsa. An sa bututun ɗumama ɗaki daga baya, amma duk da haka in hunturu ya tsananta nakan farka in tarar da raɓa ta daskare a jikin gilashi ta ciki. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda aka haifa a layin, ita ta gaya mini cewa ɗakin 'yar aiki ne, ta kuma ce kakarta ta yi irin wannan aiki tun tana yarinya a wani gida da ke gaba kaɗan.

Ƙidayar jama'a ta 1891 ta nuna cewa mata fiye da miliyan ɗaya ne suke aikin gida a Ingila da Wales, babu kuma wata sana'a da ta ɗauki mata da yawa kamarta. Attajirai suna da barori rututu, kowa da aikinsa, amma gida irin namu yarinya ɗaya yake iya ɗauka, ita ce kuku, ita ce mai wanki, ita ce mai raino. Da yawansu 'yan ƙauye ne, waɗansu ba su wuce shekara goma sha uku ko sha huɗu ba. Takan tashi tun da duhu ta sauka madafa ta hura wuta, ta kwashe tokar jiya daga kowane murhu, ta goge ƙarfen da baƙin shuni har ya yi ƙyalli, ta hau da bokitin kwal, ta hau da ruwan zafi na wanka, ta sauko da tukwanen fitsarin dare, ta wanke dutsen bakin ƙofa kafin maƙwabta su fito. Ita ce ta farkon tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya. Duk murhun da ke gidan da hannunta ake hura shi, ɗakinta ne kaɗai ba shi da wuta.

Na ƙirga matakalar tun daga madafa har ƙofar ɗakina, taku arba'in da uku ne. Nakan hau su da kofin shayi da littafi in iso ina haki, ni da nake namiji mai ƙarfi wanda ya ci ya ƙoshi. Tun daga ranar da dattijuwar nan ta yi mini bayani, ban sake hawansu ba tare da tunanin yarinyar da ta hau su da bokiti a kowane hannu ba. A tsakiyar kowane taku na matakalar sama katakon ya lotsa, ya yi santsi kamar bakin turmi. Maigida da uwargida ba su da abin da zai kai su can. Sawun 'yan aiki ne, ɗaya bayan ɗaya, shi ne kuma kaɗai abin da suka bari a gidan. Sunan ɗan kwangila yana cikin takardun fili, sunan masana'anta yana jikin murfin ramin kwal, amma waɗanda suka riƙe gidan da ƙarfinsu sai dai a karanta su a jikin katako.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsari haɗari ne ko rowar ɗan kwangila ɗaya. Ra'ayi ne da masana gini suka rubuta suka koyar. A 1864 wani masanin zanen gine-gine mai suna Robert Kerr ya wallafa littafi a kan yadda ya kamata a tsara gidan mai hali, inda ya nuna cewa iyali jama'a ɗaya ce, barori kuma wata jama'a ce dabam, ya kamata a raba hanyoyinsu da matakalarsu yadda ba za su riƙa ganin juna ko jin juna ba. Manyan gidaje suka bi wannan da matakala biyu, ƙananan kuma suka kwaikwaya gwargwadon ƙarfinsu. Na ga haka ƙarara a Landan, a gida mai lamba 18 a layin Stafford Terrace da ke Kensington, inda Linley Sambourne, mai zanen barkwanci na mujallar Punch, ya tare da iyalinsa a 1875. An adana gidan da kayansa, ana shiga kallo. Falonsa cike yake da hotuna da agogo da tangaran har babu masakar tsinke, madafa tana ƙarƙashin ƙasa, ɗakin 'yar aiki kuma yana can sama. Gidan ya fi namu nesa ba kusa ba, amma ƙashin bayansu ɗaya ne.

Wannan bambanci bai tsaya a cikin gida ba, ya bazu cikin unguwa. Tafiyar minti kaɗan daga layinmu akwai gidajen leburorin masana'antu, waɗanda aka gina baya-da-baya: kowane gida yana manne da maƙwabta ta dama da hagu da kuma baya, fuska ɗaya kawai yake da ita. Ba shi da ƙofar baya, iska ba ta ratsa shi, masai kuma na tarayya ne, sai an fita titi an taka zuwa inda aka gina shi. Majalisar Birtaniya ta hana gina irinsu a 1909, amma a Leeds aka ci gaba da ginawa har 1937, bisa hujjar cewa an riga an amince da tsarin layukan kafin dokar. Saboda haka a wancan zamani in mutum ya ce gidansa yana da ƙofar baya, ya faɗi matsayinsa ke nan.

Duk da haka, zalunci ne a faɗi aibin gidan a ɓoye alherinsa, alherin kuwa doka ce ta kawo shi. Cutar kwalara ta afka wa Leeds a 1832, wani likita mai suna Robert Baker ya zana taswirar garin ya nuna cewa mace-macen sun fi yawa a layukan da ba su da magudanar ruwa. An ɗauki shekaru ana jayayya, sai a 1875 aka kafa babbar dokar kiwon lafiyar jama'a, wadda ta ba hukumomin gari ikon tsara yadda za a yi gini. A 1877 gwamnati ta fitar da samfurin ƙa'idoji: titin da keken doki zai bi kada faɗinsa ya gaza ƙafa 36, kowane gida ya sami fili a baya wanda bai gaza murabba'in ƙafa 150 ba, tagar ɗakin zama kada ta gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓensa, a kuma yi wa bango abin da zai hana laima hawa. Layukan da suka fito daga wannan doka ba su da ban sha'awa, duk kamarsu ɗaya, amma sun ba talaka da matsakaici haske da iska da magudanar ƙazanta. Ko 'yar aikin nan da aka hana wuta, ruwan da take sha ya fi na uwarta tsabta.

Wani tsohon magini da aka turo ya gyara mana laimar madafa shi ya nuna mini hikimar da ke ɓoye a jikin ginin. Ya tone ƙasa kaɗan a gindin bango ya nuna mini siririn layin baƙin dutse da aka shimfiɗa tsakanin bulo, wanda yake tare ruwan ƙasa. Ya nuna mini wani bulo mai huji-huji da ke shigar da iska ƙarƙashin katakon daɓe don kada ya ruɓe. Ya ce kwaɓin da aka yi ginin da shi na farar ƙasa ne, yana shan ruwa yana kuma sakinsa, in ƙasa ta motsa yakan ba da kai ba tare da bango ya tsage ba. Wani ne daga baya ya shafe wurin da siminti, ruwa ya rasa mafita, shi ya sa bangon yake jiƙe. Tagogin ma da dabara aka yi su. Kowace gida biyu ce, ana zuge ta sama ko ƙasa, akwai igiya da nauyin ƙarfe a ɓoye cikin katakon gefe da suke riƙe ta duk inda aka tsayar. In aka buɗe sama kaɗan da ƙasa kaɗan, iska mai zafi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Gidan ya haura shekara ɗari, bangonsa bai karkace ba.

Yana da nasa wahalhalun. Bangon bulo biyu ne a haɗe babu rata a tsakani, saboda haka ɗumi yana zurarewa kamar ruwa a kwando. Ban-ɗakin da aka yanko daga ɗakin kwana yana da famfo biyu a rabe, ɗaya kamar ƙanƙara ɗaya kamar wuta, sai mun tara a buta mun gauraya kafin mu yi alwala. Murahun kwal ɗin nan kuma, da ake alfahari da yawansu, su ne suka turnuƙe biranen Ingila da hayaƙi, har ta kai ga hazon da ya rufe Landan a watan Disamba na 1952 ya kashe dubban mutane, abin da ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Tun daga lokacin aka riƙa toshe murahun da allo, bututun hayaƙi suka zama wurin zaman tattabaru.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Bayan yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 'yan mata suka sami aiki a masana'antu da kantuna da ofisoshi, aikin gida ya fara rasa masu yi, gida mai hawa huɗu kuwa ba ya zaunuwa sai da mai hawa da sauka. Masu hali suka koma sababbin unguwanni, aka yi ta rushe gine-ginen zamanin Biktoriya ana ce musu munana, har sai da waɗansu masu kishinsu suka kafa ƙungiyar kare su a 1958, a cikin gidan nan na Sambourne. Namu gidan ya tsira ne saboda ɗalibai. Mu shida ne a ciki daga ƙasashe huɗu. Falon da ba a shiga sai ran Lahadi ya zama ɗakin kwanan wani ɗalibin injiniya, yana shanya safarsa a kan marmara. Dukanmu muna girki a madafar ƙarƙashin ƙasa, dukanmu muna shiga ta ƙofar gaba, babu wanda yake jan ƙararrawa.

Wannan tsarin gida ya ƙetaro teku ya iso mu. A Kalaba akwai tsohon gidan gwamnati da aka ƙera sassansa a Birtaniya aka kawo ta jirgin ruwa aka harhaɗa a 1884, yau gidan tarihi ne, sa'a ne kuma na gidajen da nake magana a kansu. Da Turawan mulki suka kafa unguwanninsu, irin su Ikoyi a Legas da Nasarawa a Kano, sun canza siffar gidan saboda zafi, suka yi masa baranda da faffaɗan fili, amma ba su bar ra'ayin jama'a biyu ba. Abin da yake sama da ƙasa a Leeds sai ya koma gaba da baya: ɗakin ƙarƙashin rufi ya sauko ya koma ƙarshen fili, ya zama jerin ɗakunan kuku da boyi da muke kira boskwata. Duk wanda ya zauna a harabar jami'a ya san su, domin suna bayan gidajen malamai, ɗalibai da yawa kuma a cikinsu suka yi karatunsu.

Ba ina cewa Bahaushe bai san bambancin ɗa da bara ba kafin zuwan Bature, tarihinmu ya ƙaryata haka. Abin da ke damuna shi ne zaɓin da muka yi daga cikin gadon. Gidan Biktoriya ya zo da abu biyu a hannunsa: dokar da ta tilasta faɗin titi da magudana da taga, da kuma al'adar ƙawata fuska da ɓoye mai wahala. Na biyun mun riƙe shi da hannu bibbiyu. Ana gina gida a yi wa gabansa ginshiƙai da tayil mai walƙiya, a yi falo biyu da ba a zama a cikinsu, sa'an nan a manna wa katanga wani ɗan akurki mai taga kamar ta kurkuku a ce na mai gadi ne ko na yarinyar gida. Na farkon kuwa, wanda shi ne ya ceci rayuka, yana cikin littattafan hukuma, amma a unguwanni da yawa ruwan wankan gida a titi yake ƙarewa, maƙwabci kuma yana iya toshe wa maƙwabcinsa iska da bango.

A yau idan ɗan'uwa ko abokin aiki ya shimfiɗa mini zanen gidan da zai gina yana neman shawara, nakan yaba falon kamar yadda yake so, sa'an nan in nemi abu uku: inda ruwan ƙazanta zai bi, inda mai girki za ta tsaya, da inda yarinyar da za ta yi wa gidan hidima za ta kwana. Nakan tambayi girman tagar ɗakin, da ko an kai masa wuta da fanka, da tazarar da ke tsakaninsa da famfo. Waɗansu sukan yi dariya su ce ai wannan ƙaramin abu ne, in an gama babban gini a duba. Waɗansu kuwa sukan yi shiru, su karɓi fensir su faɗaɗa tagar.